Da Sauƙi, In Ji Mu

Mu dai a Samarun Kataf ba mu taɓa yin majinyacin da jikinsa ya yi tsanani ba. In kana musu, fara daga shataletale ka bi gida-gida, ka miƙe hanyar Zonkwa, ka dawo ka bi ta Zango, duk inda ka tambayi mai jiki amsar guda ce: "Da sauƙi." Mutum ya yi wata huɗu a kwance, cokalin kunu ba ya wuce masa maƙogwaro, da sauƙi. An tafi da shi Kafanchan a zaune, an dawo da shi a kwance, da sauƙi. In ka ji an ce "jikin ya ɗan matsa masa jiya," to an riga an buga wa 'ya'yansa na Abuja da Legas waya su kamo hanya. In kuwa aka ce maka "sai dai addu'a," kada ka tsaya wata tambaya, je ka wanke baƙar rigarka ka goge.

Ba wai ba mu damu da juna ba ne. Haba! Wajen dubiya ai ko gasa aka sa a jihar Kaduna mu za mu ɗauko kofi. Ranar Lahadi ana tashi daga sujada za ka ga matan Zumunta sun jeru cikin ankonsu, wannan da fulas ɗin kunun gyaɗa, waccan da ayaba da lemo, wata da Maltina biyu a leda. Ɗakin da mutum biyar ke cika shi sai mu shiga mu ashirin, mu toshe ƙofa da taga, a ja waƙa biyu, a yi addu'a uku, kowace ta fi ta baya tsawo. Da yamma maza su zo su zauna a benci a waje, a tattauna tsadar taki da yadda damina ta yi, a gyara wa gwamnati zama, sannan a leƙa ɗaki: "Baba, sannu. Ka yi ƙarfi fa, gona na jiranka!" Maƙwabtanmu Musulmi su ma ba a bar su a baya ba, ga kwanon fura, ga dabino, ga ruwan tofi a gora. Shi kuwa bawan Allah da bai runtsa ba tun jiya, dole a tayar da shi, a jingina shi da filo, ya amsa gaisuwar kowa ɗaya bayan ɗaya. Ko mai lafiya aka sa wannan aiki sai ya kwanta.

Kuma fa kowane mai dubiya a cikinmu likita ne, takarda ce kawai ba a ba shi ba. Wannan ya ce a dafa ganyen gwanda da na mangwaro a yi sirace. Waccan ta ce ƙanwar kishiyar yayarta ta yi irinsa sak, saiwa ɗaya aka jiƙa mata ta miƙe. Wani ya san wani tsoho a bayan dutsen Kagoro, wani ya san mai addu'ar da ba a ganinsa sai an kwana a layi, wani kuma rubutun malaminsa ba ya faɗuwa ƙasa. Sai 'yar gayu mai jaka, wadda ke tallan ƙwayoyin nan na kamfani masu maganin cuta arba'in, daga basir har ciwon daji, kwalba ɗaya kuɗin buhun masara. Kafin mako ya zagayo ƙarƙashin gadon majinyaci ya cika da goruna da ƙulle-ƙulle. Kowa ya kawo magani, amma da wuya ka ji wanda ya ja kujera ya ce, "Baba, ina ne ke yi maka ciwo? Kana samun barci kuwa?"

Sai batun ɓoyo, wanda a nan ne muka fi ƙwarewa. Likita zai ja babban ɗa gefe a baranda ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Babban ɗa ya tara ƙannensa a bayan ɗaki a yanke hukunci: "Kada wanda ya gaya wa Mama. In ta ji, faɗuwar gaba kaɗai ta isa ta kai ta." Shi ke nan, kowa ya shiga ɗaki da murmushin aro. "Mama, likita ya ce olsa ce, da ɗan taifot." Mama kuwa, wadda ta haifi tara, ta yi jinyar mijinta da surukarta har ta rufe musu ido, ta san abin da jikinta ke gaya mata. Tana ganin yadda 'yarta ke fita da sauri tana share ido da bakin zani. Amma ita ma sai ta daure don kada ta tayar wa yara hankali: "To, Allah ya sa haka." Suna ɓoye mata, tana ɓoye musu, kowa na kukansa shi kaɗai. Ranar da ta tafi sai a tarar ba ta faɗi wurin wa kuɗin adashinta yake ba, ba ta nuna inda iyakar gonar fadama ta tsaya ba, ba ta sami damar kiran ƙanwarta da suka yi shekara da shekaru ba sa ga-maciji su shirya ba. Abin da hirar gaskiya ta rabin awa za ta kashe, sai ya kai mu gaban mai unguwa, wani lokaci har kotu.

In ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuma, sai mu koma neman mai hannu a ciki. "Wannan ba ciwon asibiti ba ne." Cikin mutum ya kumbura, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, likita ya ce ƙwayar cutar hanta ce da ya daɗe da ita bai sani ba, mu kuwa tuni mun gano wanda ya zuba masa abu a ƙwaryar burkutu. Ɓarin jikin dattijo ya shanye saboda hawan jinin da bai taɓa aunawa ba, mu ce jifa ne, ga shi kuwa da ma suna rikicin gona da ɗan'uwansa. Tsohuwar da ba ta da kowa a ƙarshen layi ita kam ta shiga uku, ko wa ya kwanta sai an harare ta.

Duk da haka muna yawon asibiti, ba a ce ba mu yi ba. Daga kemis a tafi Zonkwa ko Zango, daga nan Kafanchan. Kafanchan su rubuta takarda, a bi ta Manchok a hau Jos, asibitin Jankwano ko na koyarwa na jami'a. In ciwon daji ne mai bukatar gashi sai a ce asibitin Shika, a kwashi hanyar Saminaka da Pambeguwa, daga Samarunmu a ratsa ta Samarun Zariya. A sayar da buhunan citta in akwai, don tun annobar da ta ruɓar da ita a gonaki a 2023 ba kowa ke da abin sayarwa ba. A kora aladu kasuwar Katsit ranar Alhamis, a jinginar da gona. Kuma da yake sai da muka gama da ganye da gora kafin mu taso, sau da yawa in an isa sai a ce ciwon ya riga ya bazu. Daga nan sai maganar da kowa ke tsoro: "Ku koma da shi gida ku ci gaba da kula da shi." A kunnenmu an gama ke nan, a je a jira rana.

Abin da ke biyo baya ba mai dubiyar da ke ganinsa, don masu dubiya na rana ne. Ƙarfe biyun dare mutum ɗaya ce a ɗakin, kuma kusan kullum mace ce: mata, ko 'ya, ko suruka, ko jikar da aka cire daga makaranta "na ɗan lokaci." Ita ke jin nishin da yake dannewa da rana saboda baƙi. Ta ɓallo Panadol biyu, ta san ba abin da za su yi, amma ta ba shi don dai hannunta ya yi wani abu. Ta juya shi ya yi ƙara, ta bar shi ya yi ƙara. Ta haska fitilar waya ta ga ƙugunsa ya fara salewa inda ƙashi ke gogar katifa. Ta canja tsumma, ta goge leda, ta kunna turaren wuta don kada warin gyambo ya kai tsakar gida, gobe akwai baƙi. In abin ya ci tura ta je ta buga wa mai kemis ƙofa, ya zo da barci a ido ya yi allura, a sami awa uku, ciwo ya dawo inda yake. Mu maƙwabta muna ji ta katanga. Mu ce "Allah sarki," mu gyara kwanciya. Da safe mu leƙa da fara'a: "Yaya mai jiki?" Ita kuma, idonta jawur, ta ba mu amsar da muka koya mata.

Akwai wata tsohuwar nas a layinmu da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata, har jikokinta. Ita kaɗai ce ba ta iya wannan wasan namu ba. Ran nan ana zaune a gindin mangwaro ana jajanta wani da aka sallamo, sai wani dattijon coci ya ce, "To, tunda likitoci sun ce ba magani, sai mu bar wa Ubangiji."

Sista ta ajiye tiren waken da take tsincewa. "Baba, wa ya ce maka ba magani? Cutar ce ba za ta warke ba. Amma zafin ciwon yana da magani. Amai yana da magani, rashin barci da shaƙuwa da warin gyambo duk suna da magani. Mutum na iya rashin warkewa amma ya ci abinci, ya yi barci, ya yi hira da jikokinsa har ranar da Allah ya yi. Fanni ne guda a aikin asibiti, karatunsa ake yi."

Jinyar rage raɗaɗi ke nan, kuma ba ta masu ciwon daji kaɗai ba ce. Akwai mai ciwon ƙoda da kuɗin wanki ya gagara, akwai mai ciwon zuciya, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da mai sikila, da mai ƙanjamau, da tsohon da ya rikice bai gane 'ya'yansa. Ba kuma sai an fid da rai ake fara ta ba, tun ranar da aka gano babbar cuta ake haɗa ta da sauran magani. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ita ta kafa gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, bisa fahimtar cewa ciwon mai doguwar jinya ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai tsoro, akwai tunanin kuɗin makarantar yara, akwai tambayar da yake yi wa Mahaliccinsa cikin dare. Duka ake dubawa, har da halin da mai jinyar take ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ke bukatar wannan kulawa kowace shekara, amma kusan kashi 14 cikin ɗari ne kacal ke samu. Sauran, yawancinsu irinmu ne.

"To wane irin magani ne wannan da ya fi allurar mai kemis?" in ji wani.

Sista ta ce tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara abin mataki uku. Ciwo mai sauƙi, irin su Panadol. In ya wuce nan a hau mataki na biyu. In ya kai na cizon filo sai mofin, na ruwa, wanda ake sha ta baki. "Kuma ba jira ake sai ya yi ihu ba. Agogo ake bi, duk awa huɗu, ko ciwon ya taso ko bai taso ba, don a tare shi tun yana hanya. A haɗa masa da maganin sakin ciki, don mofin na ɗaure bayan gida. Ba tsada gare shi ba, gari ne ake haɗawa da ruwa a ɗakin magani na asibiti."

Wani malamin makaranta ya zabura. "Sista, mofin fa kika ce? Mu da muke fama da yaran nan 'yan tiramol, ki ce a shigo mana da yayansa cikin gida?"

"Malam, ai ka faɗi abin haushin da bakinka. Yaron da lafiyarsa ƙalau, in yana son tiramol kafin ka ƙirga goma ya samo. Kakarsa da daji ya cinye wa nono ba ta da inda za ta sami cokali ɗaya na maganin da aka yi dominta."

Tsoron malam ba na banza ba ne. Kowa ya tuna ɓarnar da kodin ya yi wa matasan Arewa, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Sai dai garin toshe ɓarna an haɗa da mai gaskiya. Garin mofin ta hannun Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya yake shigowa, a ajiye shi a babban ɗakin ajiyar magunguna da ke Oshodi a Legas, asibitin da ke so sai ya bi takardu kafin a ba shi. Ƙananan asibitoci da yawa ba sa ma farawa, likitoci na ɗari-ɗarin rubutawa, iyalai kuma da sun ji sunan sai su ce maganin sallama ne. Alhali masana sun daɗe da nuna cewa in wanda ya san aikinsa ya auna shi daidai da ciwon, ba ya gaggauta ajali, kuma da wuya ya mai da majinyaci ɗan ƙwaya.

Kada kuma a ce sai a ƙasar Turawa, don Yuganda ba ta fi mu kuɗi ba. Wata likita, Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aikin asibitin mishan a nan Najeriya tun tana matashiya, ta kafa Hospice Africa a Kampala a 1993. A kicin suka fara haɗa ruwan mofin, suna ɗurawa a gorunan ruwan sha da aka wanke, ma'aikata na bin majinyata har gida. A 2004 ƙasar ta gyara doka, ta ba nas-nas da suka sami horo na musamman izinin rubuta shi, tunda ba kowane ƙauye ke da likita ba. Su abin da ke cikin gorunansu ke nan. Namu na ƙarƙashin gado kuwa kowa ya san abin da ke ciki.

Uwar Zumunta ta yi shiru tana ji, can ta nisa. "Amma Sista, in muka yarda cewa mutum ba zai tashi ba, ba mu yi rashin bangaskiya ba kuwa?"

Alhajin da ke da shago a bakin titi ya gyaɗa kai. "Mu ma haka ake ce mana, wa ya isa ya yanke wa bawa kwana?"

"Ba wanda ya yanke, Alhaji," in ji Sista. Ta juya. "Mama, bara da haƙori ya hana ki barci, addu'a kika yi ko asibiti kika je?"

"Duka biyu na yi mana."

"To, me ya sa ciwon da ya ninka haƙori sau ɗari za a ce addu'a kaɗai? Wanda ke birgima ba ya iya haɗa kalma biyu na addu'a, ba ya iya salla. Ku rage masa zafin, ku ba shi bakin yin magana da Allahnsa da kansa. In Allah ya so ya tashe shi, ba cokalin magani zai hana ba."

Aka yi dariya, Uwar Zumunta ta ce Sista dai da lauya ta zama.

A gida Najeriya ma an fara, ba yau ba. Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun yi ta fafutuka a Ibadan har asibitin koyarwa na can ya buɗe sashen wannan jinya a 2007. A 2014 babban taron lafiya na duniya ya amince cewa kowace ƙasa ta sa ta cikin aikin lafiya tun daga matakin farko, a 2021 kuma Najeriya ta fitar da nata tsarin na ƙasa. Takarda kam ta yi kyau. Saura ta sauko daga Abuja ta iso ɗakin da ake kunna turare ƙarfe biyun dare.

Kuma ba daga fili za mu fara ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince a mai da babban asibitin Kafanchan mai sunan Sir Patrick Ibrahim Yakowa Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Ga kwalejin koyon aikin nas da ungozoma a Kafanchan, ga ta kimiyyar lafiya ta ECWA a Kagoro, ga asibitin St Louis a Zonkwa. Da wuya ka sami zuri'a a ƙasar Atyap, ko Bajju, ko Kagoro da ba ta da nas ko wani ma'aikacin lafiya. Mu da muka iya tara wakilai mu je gaban ɗan majalisa a kan kwalta da taransifoma, me zai hana mu je mu ce muna son cikakken sashen rage raɗaɗi a Kafanchan, da mofin a ɗakin magani ba yankewa, da ma'aikatan da za su riƙa hawa babur suna duba waɗanda aka sallamo gida? A koya wa ɗaliban nan tun suna aji, don in sun fito ƙananan asibitocinmu na ƙauye su san abin yi bayan Panadol.

Na san abin da za mu ce: ba kuɗi. To, bari rai ya yi halinsa ka ga ikon Allah. Kuɗin da aka rasa na sayen katifa mai laushi da ledar shimfiɗa sai ga shi yana sauka daga Abuja, Legas, Fatakwal, har da ƙasar waje. Gawa ta yi wata guda a mutuware ana biya kullum. A kafa kwamiti, da na abinci, da na rumfa, da na anko. A buga fosta mai hoton Baba yana murmushi, hoton da aka ɗauka tun yana da ƙiba. A yi wa gida fenti, a gyara rufin ɗakin da ya yi ta yi masa yoyo duk damina. A sayo akwati mai sheƙi, ciki da farin yadi mai taushi, shi da ya ƙare kwanakinsa a kan katifar da ta lotse. Saniya ta faɗi, shi da ya yi ta marmarin romo ana ce masa sai ƙarshen wata. A kwana ana waƙa, ɗan da ko sau ɗaya bai kwana ɗakin jinya ba ya karɓi lasifika ya fi kowa kuka. Maƙwabtanmu Musulmi na yi mana dariya, su da ke kai nasu kafin rana ta faɗi. Amma su ma in aka zo sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, abin da ake dafawa da ya isa a yi wa mamacin jinyar wata biyu. Ihu bayan hari dai ba ruwansa da addini.

Abin da ya sa nake ganin aikin nan ba zai gagare mu ba shi ne, mafi wuyarsa muna da shi. A jihar Kerala ta Indiya da masu sa-kai na unguwa aka gina irin wannan jinya, aka horar da su, nas da likita na zagayawa a bayansu. Su sai da suka tara mutane, mu kuwa namu a tare suke tun kaka da kakanni. Wace ƙungiya ce ta fi Zumuntar Mata sanin gidan da ake kwance? Wa ya fi liman da mai unguwa sanin tsohon da ba shi da mai ba shi ruwa? Gyara kawai ake bukata. Maimakon mu ashirin ranar Lahadi, a raba kwana, biyu-biyu kowane dare, don mai jinya ta sami barci ko na awa biyar ne. A gayyato irin su Sista su koya mana juya majinyaci duk awa biyu don kada bayansa ya sale, da jiƙa masa leɓe in ba ya iya sha, da wanke gyambo da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, da yadda nas ke barbaɗa garin Flagyl ya kashe wari. In ya ƙi abinci a daina yi masa ɗura da faɗa, a ba shi kaɗan na abin da ransa ke so. In ya gaji da baƙi, a tsaya a ƙofa a gaida masu gida a juya, ba raini ba ne.

A coci a ware baiko na jinya, a masallaci a ware asusu, a ƙungiyar gari a kafa kwamitin jinya kafin na biso. Ranar da likita ya ce a koma gida, kada mu naɗe tabarma mu fito da kuka kawai. Mu tsaya mu tambaye shi: in ciwo ya taso cikin dare me za mu ba shi, a ina za mu samu, wa za mu kira in ya ƙi lafawa? Haƙƙinmu ne, kuma in masu tambaya suka yi yawa dole asibiti ya tanadi amsa. Shi majinyacin kuma a daina mai da shi yaro. Ba a ce a faɗa masa magana gatsau ba. A zauna kusa da shi a tambaye shi yadda yake ganin jikin nasa, da ko akwai abin da yake so ya sani ko ya faɗa. Wanda ya ce a bar shi, a bar shi. Wanda ya tambaya, kada a yi masa ƙarya.

Jama'a, biso mai kyau ba laifi ba ne, girmamawa ce, kuma ba wanda ya ce a daina. Amma mamaci ba ya ganin fenti, ba ya jin taushin akwati. Duk wanda ke da niyyar yanka wa ubansa saniya, to ya fara kai masa romon tun yana iya haɗiya.